Ramin da Ke Gefen Akwatin Wuta: Me Za Ki Taɓa, Me Za Ki Bar wa Mai Gyara?

Wasiƙar wannan mako daga Agege ta zo, daga wata baiwar Allah mai 'ya'ya uku da ke zaune a gidan haya, ciki da falo. Ga abin da ta rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Akwatin wutarmu yana falo, sama da inda yara ke shimfiɗa tabarma su kwana. Lokacin da lanlod ya raba wa kowane ɗaki layinsa, wanda ya ɗauko ya fasa bango ya shigo da waya, ya tafi ya bar wurin a buɗe. Akwai tsaga a kewayen akwatin, a ƙasansa kuma rami ne da yatsu uku za su shiga. Da hunturu ta nan ƙura ke shigowa, da damina bangon wurin ya yi ta danshi, kyankyasai da tsaka kuwa ba a magana, ran nan har ɓera na ga ya leƙo. Maƙwabcinmu a lungun bayan bangon yake ajiye janaretarsa, idan ya tayar warin hayaƙi har cikin falo. Maigidana direban tirela ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Kafin ya tafi ya cusa tsumma da leda da guntun soson katifa a ramin, ya ce hakan ya isa. Na yi wa lanlod magana ya ce zai turo mutum, har yau shiru. Wata maƙwabciya ta ce in sayi kumfar nan ta gwangwani in fesa, wata ta ce in cusa soson ƙarfe na wanke tukunya saboda ɓera. Ni dai tsoro nake ji, kuma ba na so maigida ya dawo ya ga kamar na raina aikinsa. Yaya zan yi?"

Wa alaikis salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya raya miki zuri'a, ya dawo da baban yara gida lafiya.

Tsoronki yana kan hanya, kada ki bari kowa ya mayar da shi raki. Amma zan fara da abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙa kika wuce, domin ya fi ramin gaggawa, wato hayaƙin janareta. A cikin hayaƙin nan akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Warin da hancinki ke ji na sauran tarkacen hayaƙin ne, amma shi ke shaida miki cewa ita ma tana shigowa tare da su. Jini take kamawa ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, kuma wanda ke barci ba ya farkawa ya ce kansa na ciwo, sai dai barcin ya ƙara nauyi. Duk wanda ya daɗe a Legas ya taɓa jin labarin iyalin da aka wayi gari sai fasa ƙofarsu aka yi. Yara ƙanana sun fi babba saurin galabaita da ita. Don haka tun daga daren yau ki janye shimfiɗar yaran daga jikin wannan bango, su koma ciki wurinki ko da za a matsu. Ki kuma samu maƙwabcin nan, ko matarsa in hakan ya fi miki sauƙi, ki ce hayaƙi na shiga inda yara ke kwana. Masana lafiya suna cewa janareta ta nisanci taga da ƙofa da kamar ƙafa 20. Na san gidajen Agege, ba kowane tsakar gida ke da wannan fili ba, amma ko yaya ne a fitar da ita daga lungu zuwa sarari, a juya bakin salansar ya kalli inda ba ɗaki. Toshe ramin kaɗai ba zai raba ku da wannan hayaƙi ba, zai bi ta taga, ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman silin da ya haɗe ɗakunan. Idan wata safiya kuka tashi ku duka da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya kuma lafa bayan kun fita waje, kada ki ce zazzaɓi ne. Ku tafi asibiti ki gaya musu akwai janareta a bayan ɗaki.

To, mu koma kan ramin.

Maigidanki da niyyar alheri ya yi abin da ya yi, ya ga iska da ƙwari na damun iyalinsa ya tare da abin da ya samu a hannu. Sai dai abin da ke cikin ramin yanzu ya fi ramin hatsari. Duk wayar da wuta ke bi tana ɗumama, ko lafiyarta ƙalau, kuma iskar da ke kewaye da ita ce ke kwashe zafin. Idan aka lulluɓe ta da soso da tsumma, zafin ba shi da inda zai je. A ƙa'idar haɗa wuta ta Ingila, wadda masu aikin wuta na nan ma suke koyi da ita, wayar da abu mai riƙe zafi ya lulluɓe ta ko'ina na tsawon rabin mita, rabin nauyin wutar da aka san ta da shi kawai ake yarda ta ɗauka. Naku bai kai wannan tsawo ba, amma ki haɗa da cewa akwatin wuta shi ne inda mahaɗan wayoyi suka fi yawa a gida, kuma a mahaɗa ne matsala ke farawa. Sukuru ɗaya ya saki, wurin ya fara zafi, ya fara tartsatsi kaɗan-kaɗan, musamman lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi kowa ya kunna kayansa a tare. Tartsatsin da zai faɗa kan busasshen siminti ya mutu, idan ya samu soson katifa da leda wata magana ce dabam. Soso yana ci da sauri, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, leda kuma narkewa take tana ɗiga da wuta a jikinta, ƙarƙashinta kuwa tabarmar yara. Da damina kuma tsumman yakan sha danshi ya riƙe shi a jikin waya. Ɓera ma kin ba shi kayan sheƙa har gida.

Duk da haka ba na so ki sa hannu ki zaro su da kanki. Ba ki san abin da ke bayan tsumman ba. Ɓera yana gwaguyar robar waya domin haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, kuma mai yiwuwa akwai inda jan ƙarfen ya fito fili, tsumman ne ya rufe shi. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciyar babban mutum, balle hannun da ya fito daga wanke-wanke da ƙafar da ke tsaye kan siminti ba takalmi.

Akwai kuskure biyu da ke sa mutane su sa hannu da gaba gaɗi. Na farko su ce ai NEPA ta ɗauke. Wutar Legas ba ta sallama kafin ta dawo. Kuma a gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda wannan ke da janareta wancan ke da inbata da sola, idan wani ya haɗa nasa ba tare da makunnin canji mai kyau ba, wato wanda ke raba layinsa da na gida, wutarsa na iya biyo wayoyin gidan ta iso akwatinki alhali unguwa duka duhu. Na biyu su ce ai mun kashe babban makunni. Babban makunni abin da ke bayansa yake yankewa, wato layukan da suka tafi fitilu da soket. Wayar da ta taso daga mita ta shigo akwatin tana nan da wuta har bakin makunnin, kuma ita ce daidai wadda ta ratsa ramin da kike magana.

Shi ya sa nake so ki kalli wurin nan ki raba shi uku a ranki, domin masu shi uku ne. Mita da babban fis ɗin da ke kafin ta da hatimin da ke jikinsu, hurumin kamfanin rarraba wuta ne. Cikin kamfanonin rarraba wuta da gwamnati ta sayar a 2013, biyu ne suka raba Legas, kamfanin Ikeja Electric da kamfanin Eko, kuma Agege a hannun Ikeja Electric take. Ɓalle hatimin mita laifi ne da ake cin tara a kansa, ko da mutum gyara ya yi niyya, don haka duk mai gyaran da ya ce bari ya buɗe mita, ki ce masa a'a. Akwatin da ke falonki da duk inda waya ta shiga ko ta fita, hurumin mai gyaran wuta ne. Busasshen bango kuma, wanda ba waya a cikinsa ko kusa da shi, shi ne na magini, shi ne kuma iyakar inda hannunki ko na maigida zai kai. Ramin da yatsu uku ke shiga, tunda waya ta bi ta ciki, ba naku ba ne.

Shawarar maƙwabtanki biyu kuma, don Allah ki ajiye su duka. Soson ƙarfe gaskiya ne ɓera ba ya son cizonsa, kuma a ramin bututun ruwa a kicin yana da amfani. Amma ƙarfe ne, wuta na bi ta cikinsa, zarensa siriri ne yana kakkaryewa ya shiga inda ido ba ya gani, shi kansa kuma yana kamawa da wuta. Cusa shi kusa da waya neman gira ne da zai kai ga rasa ido. Kumfar gwangwani ta fi shi ruɗar mutane, saboda tana cika rami tsaf ta bushe ta yi kyau. Iskar da ke tura ta daga gwangwanin mai kamawa da wuta ce, dangin gas ɗin girki, ga ki kuma kina fesa ta a inda tartsatsi ke iya tashi. Bayan ta fita tana kumbura ta ninka, ba ki da iko da inda za ta bi, sai ta kutsa ta bayan akwatin ta cika shi. Ta bushe ta zama bargo a jikin waya, kuma ta gama-gari tana ci da wuta. Ran da aka zo gyara sai an sa wuƙa an yanka ta, a nan ake yanke robar waya. Ko wadda aka rubuta wa cewa tana jure wuta, an gwada ta ne a wasu irin tsagogi da aka ƙayyade, ba lasisi ba ne na a fesa ta a akwatin wuta. Ɓera kuwa ratsa ta yake kamar ba komai. Ki ƙara da farin abin nan mara nauyi da ake samu cikin kwalin talabijin da firji: idan ya daɗe manne da robar waya yana tsotse sinadarin da ke sa ta laushi, ta ƙeƙashe ta fara tsagewa.

Abin da ya kamata a yi ba shi da yawa, kuma aikin rabin yini ne ga wanda ya iya. A samo mai gyaran wuta na gaske. Akwai hukumar NEMSA mai kula da ingancin aikin wutar lantarki, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne a tambayi mutum ko yana da ita. In ba a samu mai takarda ba, a nemi wanda mutanen masallacinku ko 'yan kasuwar da kuka sani suka daɗe suna kira kuma ba su taɓa kuka da shi ba. Wanda ya yi wannan aika-aika tun farko kada a sake kiransa. Akwai alamar da ke kanki za ki gane ta ko ba ki san komai a harkar ba. Mai gyara na ƙwarai yakan yanke wuta daga inda ta taso, ya tabbatar an cire janareta da inbata daga layi, sannan ya gwada da na'urar awo kafin ya sa hannu. Wanda ya dangwala sukundireba mai ɗan haske sau ɗaya ya ce ba wuta, ki sa masa ido. Idan yanke wutar yana bukatar taɓa abin da ke da hatimi, a kira ofishin kamfanin da ke kusa da ku su turo ma'aikacinsu.

Bayan ya fitar da tsumman, kada a bari ya kama toshewa nan take. Ya buɗe akwatin ya duba tukuna. Akwai inda roba ta yi baƙi ko ta narke? Akwai kashin ɓera, ƙwan kyankyaso, busasshiyar tsaka? Tsaka da ta kwanta tsakanin ƙarafa biyu ta sha jawo fashewar akwati. Akwai tsatsa ko kore-kore a jikin jan ƙarfe? Ya ƙara ɗaure duk sukurun da ya saki, ya canza wayar da aka gwaguya, ba ya naɗe ta da baƙin salatif ya mayar ba. Idan akwatin irin na da ne mai fis ɗin tangaran, ya duba ko an ɗaura masa waya mai kauri a madadin siririyar da aka yi shi da ita. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a gidajen haya, kuma fis ɗin da ba ya tsinkewa ba ya kare kowa.

Sannan wayar da ta ratsa bango ta bi ta cikin bututun roba, kada ta kwanta tsirara a kan kaifin bulo, kada kuma a binne ta kai tsaye cikin siminti. Inda ta shiga akwatin a sa mata zoben roba ko abin matsewa da ake sayarwa don haka, ya riƙe ta ya kuma rufe gefenta. Duk ƙofar da aka ɓalle a jikin akwatin ba a yi amfani da ita ba, da gurbin birekar da ba a sa ba, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, akwai murfinsu na roba, kuɗinsu kaɗan ne. Ma'aunin da ƙwararru ke bi shi ne, a saman akwati kada a bar ƙofar da waya mai kaurin milimita 1 za ta shiga, a gefe da ƙasa kuma kada a bar wadda yatsa zai shiga. Ki riƙe wannan ma'auni, da shi za ki duba aikin kafin a biya.

Sai a cike tsakanin bututun da bango. Bangon bulo ba abin da ya fi masa siminti da yashi, awo 1 na siminti da kamar awo 4 na yashi, a kwaɓa da tauri ba ruwa-ruwa ba, a yi shi wuta na yanke kuma a kare akwatin daga fantsama. Siminti ba ya ci da wuta, ɓera ba ya iya shi, kuma kowane birkila a Agege ya san aikinsa. Idan ramin ya yi zurfi ana iya fara cusa audugar da ake yi da narkakken dutse, wadda masu sayarwa suka fi sani da sunan Rockwool, domin ita ba ta kamawa da wuta. Bakin bututun kansa, inda wayar ta fito, shi ne hanyar da iska da kyankyaso suka fi bi, kuma a nan ba siminti ake sawa ba. Akwai wani abu kamar danƙo da ba ya bushewa, don wannan aka yi shi, ana iya ɓanɓare shi duk ran da za a ja sabuwar waya. Akwai kuma manni mai jure wuta wanda ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe hanyar hayaƙi. Ana samun irin waɗannan a ɓangaren kayan wuta na kasuwar Alaba da manyan shagunan kayan gini. Idan silikon za a sa, ki shinshina. Mai warin binega yana fitar da tsami yayin bushewa, tsamin kuma yana cin jan ƙarfe. A nemi marar wannan wari.

Maganar danshi ita ce na fi so ki tsaya a kanta, domin a nan ne aikin da ya yi kyau a ido yake lalacewa. Kin ce da damina bangon yana jiƙa. Wannan yana nufin ruwa na shigowa daga waje, kuma sau da yawa jikin wayar yake bi. Idan waya ta sauko daga sama ta shige bango kai tsaye, ruwan sama yakan gangaro a jikinta ya bi ta har ciki. Maganinsa a waje yake. A lanƙwasa wayar ta ɗan sauka ƙasa da bakin ramin sannan ta hau ta shiga, don ruwan ya ɗiga a gindin lanƙwasar. Bututun da ke cikin bango ya ɗan karkata, bakinsa na waje ya fi na ciki ƙasa. A toshe ta waje da kyau, a duba ko indararo ko bakin kwano na zubo ruwa a wurin. Idan aka shafe ciki aka bar waje a buɗe, an kulle ruwan ne a bayan akwati inda ba mai ganinsa, ya yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Ruwan Legas yana ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Idan bangon a jiƙe yake yanzu, a fitar da tsumman a gyara waje nan da nan, a bar ciki ya sha iska ya bushe kafin a yi yaɓen ƙarshe.

Abin da ya rage wa hannunku shi ne siririyar tsagar da ke tsakanin filasta da gefen akwatin, bayan mai gyara ya gama ya rufe ya ce ba waya a wurin. Ita ana iya bi da ɗan manni na cike tsaga a shafe da yatsa, a jikin bango kawai. Kada a manne murfin, dole ya riƙa buɗuwa. Kada a huda, kada a buga ƙusa a sama ko ƙasa ko gefen akwatin, domin wayoyin da ke cikin bango ta nan suke bi a miƙe. Na kuma san halinmu na son rufe duk abin da bai yi kyau ba a falo. Ban da labule, ban da kalanda, ban da jingina katifa ko tura kabad a gabansa. Akwatin yana bukatar iska a kewayensa, ke kuma kina bukatar hannunki ya kai makunninsa cikin duhu ba tare da kin ture komai ba. Maganin sauro na fesawa shi ma kada a fesa shi cikin akwati ko ramin, iskarsa na kamawa da wuta. Kada a jefa gubar ɓera a ciki, ga yara, ga kuma mushen da zai ruɓe inda ba a iya ciro shi.

Tunda an riga an kira mai gyara, a tambaye shi kuɗin sa bireka mai gane zubar wuta, wadda ke yankewa idan 'yar wuta kaɗan, miliamf 30 a ma'auninsu, ta bi ta inda bai kamata ba, misali ta jikin mutum. Tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Ya kuma duba ko wayar da ke kai wuta ƙasa tana nan a haɗe, domin gidaje da yawa an sa ta ne don ado. A gidan da yara uku ke wasa kusa da soket, ni a ganina wannan ya fi sabon fenti da labule muhimmanci.

Kafin ya zo, ki rage wa layin nauyi. Dutsen guga, hita ta dafa ruwa, risho na lantarki, kada a haɗa su lokaci ɗaya, kada kuma a bar ko ɗaya a kunne a kwanta. Idan kika ji ƙaurin roba ko wani wari kamar na ɗanyen kifi daga wurin, ko ƙara tsit-tsit, ko kika ga baƙi ya fara fita a jikin murfi, kashe babban makunni da busasshen hannu kina sanye da takalmin roba, ki fitar da yara. Idan wuta ta kama, kada a watsa ruwa. Ku fita, ki yi ihu maƙwabta su ji, ki kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas, kyauta ne. Ki sa su a wayarki yau, ki koya wa babban yaronki.

Shi kuma lanlod, shirunsa ba zai sa ku zauna jira ba, amma kada ku yi aikin a bayan idonsa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su, ta kuma hana ɗan haya canza wani abu a ginin sai da izinin mai gida a rubuce, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu dabam. Ramin nan a bangon waje yake, kuma ma'aikacinsa ne ya fasa shi. Ki ɗauki hoto, a tura masa ta WhatsApp da saƙo cikin ladabi: ga halin da ake ciki, ruwa na shiga inda wuta take, muna neman ka turo mai gyara cikin mako, ko ka ba mu izini mu gyara a cire daga kuɗin haya. Saƙon ya fi kiran waya domin yana zama shaida. Ki nuna masa cewa gidansa ake tsare masa, domin gobarar ɗaki ɗaya a irin waɗannan gidaje ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Ki kuma tambayi sauran matan gidan, tunda mutum ɗaya ya yi wa kowa aikin, da wuya a ce ɗakinku ne kaɗai aka bari haka, kuma murya biyar ta fi ɗaya shiga kunne. In ya ƙi, Agege ba ta rasa dattawan Hausawa da ke shiga tsakani a irin wannan ba, daga limamin unguwa har fadar Sarkin Hausawa. Ma'aikatar shari'a ta jihar ma tana da cibiyar sasanta jama'a da ke sauraren rikicin haya ba tare da an biya ba.

Game da baban yara, kada ki jira ya dawo ya tarar an kwashe aikinsa. Ki kira shi yau, lokacin da kika san ya faka ya huta, ba yana kan sitiyari ba. Kada ki fara da cewa abin da ya sa kuskure ne. Ki ce toshewarsa ta rage ƙura, amma kin ga danshi ya jiƙa tsumman, kin kuma ji an ce soso kusa da waya na iya kamawa, hankalinki ya kasa kwanciya saboda inda yara ke kwana. Direban tirela ya fi kowa sanin abin da waya guda da ta goge a jikin ƙarfe ke yi wa mota, ya ga motocin da suka ƙone a hanya saboda haka, ba sai kin yi masa dogon bayani ba. Ki bar masa zaɓen mai gyaran, ki bar shi ya tura wa lanlod saƙon da sunansa, ya kuma wakilta ƙaninsa ko wani amintacce ya tsaya a wurin ranar aikin don kada ki kasance ke kaɗai da baƙo a ɗaki. Idan ya ce a bari sai ya dawo, ki roƙe shi abu ɗaya da ba ya jira: a zo a yanke wuta a fitar da soson da ledar a duba wayar cikin kwana biyun nan, yaɓe da sauran aikin su jira shi. Duk abin da aka saya da ladan mai gyara a karɓi rasit, a tura wa lanlod hotonsa a ranar.

Allah ya tsare ku, ya tsare gidan baki ɗaya.